Zuciyar Yaro a Lokacin Annobar Korona

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ɓangaren dama shi ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Na hagu kuma ya karɓo shi daga huhu ya harba shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Ita ma wannan tsoka tana da bukatar abinci da iska, kuma ba daga jinin da ke cikin ɗakunanta take samu ba. Akwai wasu jijiyoyi biyu da suka fito daga gindin babbar jijiyar jini suka yi rassa a jikinta ta waje, su ke ciyar da ita. A jikin yaro faɗinsu bai wuce 'yan milimitoci ba. Bayan su akwai wata siririyar hanya ta lantarki a cikin tsokar, wadda ke tsara bugawa, ɗakunan sama su fara matsewa sannan na ƙasa su biyo. Tsoka, jijiyoyi da hanyar lantarki: nan ne wurare uku da ciwo kan taɓa zuciyar yaro, kuma annobar korona ta taɓa dukansu.

Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020. Abin da aka fara lura da shi shi ne ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Yara kan kamu, amma yawancinsu ba ta wuce musu mura da ɗan zazzaɓi, wasu ma ko tari ba sa yi. Wannan magana gaskiya ce, har yau ba ta tashi ba. Sai dai ta sa an saki jiki, har likitoci da kansu ba su zaci komai ba daga wajen yara.

A tsakiyar Afrilu 2020, cikin kwana goma kacal, aka kai yara takwas asibitin yara na Evelina da ke Landan, dukansu a galabaice, jini ya yi ƙasa ƙwarai. Sun zo da zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki, amai da gudawa, ƙuraje da jan ido. Kafin wannan kuwa lafiyarsu ƙalau. Ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 14, ya rasu. Kafin watan ya ƙare hukumomin lafiya na Ingila suka aika wa likitoci gargaɗi. A birnin Bergamo na Italiya, inda annobar ta yi ɓarna sosai, likitoci sun ga yara 10 masu irin waɗannan alamomi cikin kimanin wata biyu, alhali a shekara biyar da suka gabata 19 kawai suka gani. Daga nan sai rahotanni suka fara fitowa daga Faris da Niyok. Ingila ta sa wa ciwon suna PIMS-TS a farkon Mayu, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kira shi MIS-C ranar 14 ga watan, washegari Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata bayanin. Abin da ake nufi shi ne kumburin sassan jiki da yawa a lokaci guda a jikin yaro, bayan kamuwa da korona.

Babban abin lura game da wannan ciwo shi ne lokacin zuwansa. Ba ya zuwa tare da murar. Sai bayan mako biyu zuwa shida yake bayyana, lokacin da gida ya riga ya manta an yi wata mura. Da yawa daga cikin yaran idan aka yi musu gwajin hanci ba a samun ƙwayar cutar, sai a gwajin jini ake ganin shaidar cewa ta shiga ta fita. Ashe ba ƙwayar ce ke yin ɓarnar da kanta ba. Garkuwar jiki ce ta tashi yaƙi, abokin gaba ya tafi amma ba ta kwanta ba, sai ta juya kan jikin da take karewa. Sinadaran da sojojin jini ke saki su cika jini, bangon jijiyoyi ya kumbura ya fara yoyo, hanji da fata da ƙoda da hanta su shiga wahala. Ita zuciya tana cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Na farko, mafi yawa tsokar ce ke raunana. Ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ne mai ƙarfin harbawa, sai ya kasa matsewa yadda ya kamata. A lokaci guda jijiyoyin jiki sun saki, don haka jini ya faɗi ta fuska biyu. Yaro ya yi laushi, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, wani har ya fara ruɗewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 kan yara 186 daga jihohi 26 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 ciwon ya taɓa musu zuciya ko jijiyoyin jini, kashi 80 sun kwanta a sashen kulawa ta musamman, kusan rabi sun bukaci allurar ɗaga jini, huɗu kuma suka rasu. Yawancin waɗanda abin ya fi kamawa 'yan firamare ne, matsakaicin shekarunsu takwas ko tara, ko da yake an gan shi a jarirai da samari.

Na biyu, jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kan buɗe fiye da kima. Idan bangon jijiya ya yi rauni, wani wuri sai ya fito ƙululu, kamar yadda tsohon tiyub ɗin keke kan yi idan an cika masa iska. A binciken da aka ambata kimanin kashi 8 cikin 100 na yaran an ga haka a jikinsu. Haɗarin ƙululun shi ne jini kan yi jinkiri a cikinsa ya daskare, gudan jinin ya toshe hanya, wani yanki na tsokar ya mutu, wato irin bugun zuciyar da aka sani a dattawa ya sami yaro. Na uku, hanyar lantarki kan rikice, bugawa ta yi jinkiri ko ta ɓace da tsari. Wannan bai kai sauran yawa ba, kuma yakan daidaita idan kumburin ya sauka.

Likitocin yara ba su rasa inda za su fara ba, domin sun daɗe da sanin wani ciwo mai kama da wannan. Wani likita ɗan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya ga yaro na farko mai shi a Tokiyo a 1961, ya wallafa bayanin yara 50 a 1967, aka sa wa ciwon sunansa. Alamominsa zazzaɓin kwana biyar ko fiye, jan ido marar kwantsa, jan leɓe mai tsattsagewa, jan harshe, ƙuraje, kumburin hannu da ƙafa da kaluluwar wuya. Idan ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin yara huɗu jijiyoyin zuciyarsa kan yi ƙululu. Idan aka yi magani cikin kwana goma na farko, adadin kan sauka zuwa kimanin kashi 4 cikin 100. Kawasaki ya rasu a Yunin 2020 yana da shekara 95, daidai lokacin da duniya ke ta ambaton sunansa. Amma ciwon biyu ba ɗaya ba ne. Na Kawasaki ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar, ya fi yawa a gabashin Asiya, kuma jijiyoyi ya fi ɓatawa. Na bayan korona ya fi kama manyan yara, ya fi zuwa da ciwon ciki da faɗuwar jini, kuma tsokar ya fi raunanawa.

Wannan ciwon ciki ya ruɗi likitoci da yawa, har an shiga da wasu yara tiyata bisa zaton afendis ne, aka buɗe aka tarar ba shi ba ne. To, idan haka ta faru a inda kayan gwaji suka wadata, ina ga ƙasar da zazzaɓin yaro ke da ma'anoni goma? A Kano ko Maraɗi, yaro mai zazzaɓi da amai za a fara cewa maleriya ce. In an ƙara da ciwon ciki, a ce taifot. In ƙuraje da jan ido suka fito, a ce ƙyanda. Kuma sau da yawa hakan ne, don haka babu laifi a fara da su. Laifin shi ne a tsaya a kansu bayan gwaji ya nuna ba su ba ne, ko an sha maganinsu daidai amma yaro sai ƙara lafkewa yake yi. An kuma lura a Ingila da Amurka cewa yara baƙar fata sun fi yawa cikin masu wannan ciwo fiye da yadda adadinsu yake a cikin jama'a. Shida daga cikin takwas na farko a Landan 'yan asalin Afirka da Karibiyan ne. Likitoci a asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu, da wasu a Legas, sun wallafa bayanin yaran da suka yi jinya da shi. Saboda haka ba ciwon Turai ba ne, kuma ƙarancin rahoto daga wurin da gwaji ya yi ƙaranci ba shaida ce ta lafiya ba.

Akwai wata al'ada da ya kamata a tsaya a kanta a nan, ita ce ta ƙarin ruwa. An saba idan yaro ya yi laushi bayan amai da gudawa a kira mai kemis ya ɗaura masa leda ɗaya ko biyu a gida. Ga yaron da ruwan jikinsa ne ya ƙare, ruwa magani ne. Ga wanda tsokar zuciyarsa ta raunana kuwa, ruwan da aka sake shi da gudu kaya ne a kan wadda ta riga ta gaji. Zuciyar ta kasa tura shi gaba, ya koma ya taru a huhu, numfashi ya gagara. A ido yaran biyu kamarsu ɗaya. Wanda ya san aiki ne ke rarrabewa, ta hanyar sauraren ƙirji, da duba ko hanta ta kumbura, da ba da ruwan kaɗan-kaɗan yana lura da yadda jiki ke amsawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada a yi jinyar irin wannan yaro a ɗaki.

Likitan zuciyar yara mutum ne da ya gama karatun likita, ya ƙware a kan yara, sannan ya ƙara shekaru a kan zuciya. Ba su da yawa a ko'ina, a Afirka ta Yamma kuwa sai an nema. Galibi a asibitocin koyarwa ake samunsu, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Babban makaminsu shi ne hoton zuciya da ake kira eko, wanda ke aiki da sauti kamar hoton cikin mai juna biyu. Ba allura, ba ciwo. Da shi likita ke ganin ɗakunan suna motsi, ya auna ko nawa ne daga jinin da ke ɗakin hagu ke fita a kowace bugawa. Lafiyayyiyar zuciya kan fitar da kashi 55 cikin 100 ko fiye. Abin da ya gaza haka rauni ne, in ya sauka ƙasa da 30 kuwa ya yi tsanani. Da shi kuma ake auna faɗin jijiyoyin, a gwada da girman jikin yaron, domin abin da yake daidai ga ɗan shekara 12 ya yi wa ɗan shekara biyu yawa. Ana kuma manna wayoyi a ƙirji a ɗauki zanen lantarkin zuciya. A jini ana duba wani sinadari mai suna tiroponin, wanda ke fita idan tsokar ta ji rauni, da wasu masu nuna zurfin kumburi da yiwuwar daskarewar jini. Hoto ɗaya ba ya wadatarwa, domin jijiyar da take daidai yau tana iya buɗewa bayan mako guda.

Magani yana bin hanya biyu a tare: a tallafi zuciya, a kuma kwantar da garkuwar jiki. Tallafin ya haɗa da iskar oksijin, da allurai masu ƙara wa tsoka ƙarfi da ɗaga jini, da na'urar numfashi ga mai bukata. A manyan cibiyoyi akwai wata na'ura da ke fitar da jini daga jiki ta sa masa iska ta mayar, zuciya da huhu su huta na 'yan kwanaki, amma yara kaɗan ne suka kai ga wannan. Wajen kwantar da garkuwa an ari maganin ciwon Kawasaki, wato wani ruwa da ake tacewa daga jinin dubban masu ba da jini, ana kiransa IVIG, ana ba da giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 25 zai bukaci giram 50 ke nan, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin yawancin gidaje, in ma an samu maganin. Tare da shi ana ba da magungunan kashe kumburi na jinsin sitiroyid. Waɗanda ba su amsa ba akan ƙara musu wasu masu tsada irin su anakinra ko infliximab.

A nan ne wani bincike ya yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rana. Masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun tattara bayanan yara fiye da 600 daga ƙasashe 32, suka wallafa a 2021 cewa ba su ga wani bambanci bayyananne ba wajen warkewa tsakanin waɗanda aka ba IVIG kaɗai, da waɗanda aka ba sitiroyid kaɗai, da waɗanda aka haɗa wa biyun. A Nuwamban wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da sitiroyid ga yaran da aka kwantar da wannan ciwo. Sitiroyid na da arha, kusan kowane babban asibiti yana da shi. Ma'ana, abin da ya fi raba yaron Landan da na Sakkwato shi ne saurin ganewa, ba farashin kwalba ba. Sai dai a kiyaye, wannan ba izini ba ne na saye a kemis. Sitiroyid yana danne garkuwa, in aka ba mai taifot ko tarin fuka ba tare da an gane ba, ciwonsa zai ƙara samun gindin zama. Haka asfirin. Likita kan rubuta shi ɗan kaɗan don hana jini daskarewa, amma ba wa yaro mai mura ko ƙaranbau asfirin da ka na iya jawo wani mugun ciwo mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Abin farin ciki, zuciyar yaro na da saurin farfaɗowa. Yawancin waɗanda tsokarsu ta raunana sun dawo daidai cikin kwanaki ko makonni, ƙananan ƙululu ma da yawa sun koma. A Amurka, inda aka ƙirga yara fiye da 9,000, waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba. Amma sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Ana sake hoton zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, a kuma sake bayan mako huɗu zuwa shida. Wanda aka samu da babban ƙululu zai daɗe yana shan maganin tsinka jini yana ganin likita. Wanda tsokarsa ta kumbura ana hana shi ƙwallo da tsere da aikin ƙarfi na wata uku zuwa shida, ko da yana ganin ya warke garau, domin zuciyar da ba ta gama warkewa ba tana iya rikicewa a tsakiyar fili. A gidajen da yaro ke ɗebo ruwa, ya yi talla, ya je gona, wannan doka ta shafi iyaye fiye da malamin wasanni. Wanda aka ba IVIG kuma akan jinkirta masa rigakafin ƙyanda kimanin wata 11, domin maganin kan hana allurar kamawa.

Korona kan kumbura tsokar zuciya kai tsaye tun tana jiki, kamar yadda wasu ƙwayoyin bairos da aka daɗe da sani ke yi, sai dai wannan ba shi da yawa a yara. An kuma tabbatar cewa allurar rigakafi ta Pfizer da ta Moderna kan jawo irin wannan kumburi jefi-jefi, musamman ga samari maza, 'yan kwanaki bayan allura ta biyu. Alamarsa ciwon ƙirji, kuma mafi yawa sun warke da hutu da ɗan magani. Ɓoye wannan ba ya taimakon kowa. Amma a ɗaya gefen, bincike a Amurka ya nuna rigakafin ya rage haɗarin MIS-C da kimanin kashi 90 cikin 100 ga 'yan shekara 12 zuwa 18.

Akwai wasu yaran da annobar ta cuta ba tare da ta shiga jikinsu ba. Kusan jariri ɗaya cikin 100 ana haifarsa da wata matsala a zuciya, huda tsakanin ɗakuna ko ƙofa mai ƙunci. Wasu kuma ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙofofin zuciya, waɗannan sai an riƙa yi musu allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu. Da aka hana fita, aka ɗage ayyukan tiyatar da ba na gaggawa ba, iyaye kuma suka ji tsoron asibiti, da yawa sun tsallake allura da ranar ganin likita. Najeriya ta rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa daga Maris har farkon Satumban 2020, don haka masu jiran tafiya Indiya aikin zuciya suka zauna jira, ayarin likitocin waje masu zuwa aiki su ma ba su zo ba. Ƙasar da ta jingina zuciyar 'ya'yanta da tikitin jirgi, ranar da jirgi ya tsaya ta ga kasawarta. Horar da likitocin zuciyar yara, da sa na'urar eko a manyan asibitocin jihohi tare da mai iya karanta ta, aiki ne da ya rataya a wuyan gwamnatoci tun kafin wata annoba ta zo.

Tun da nau'in Omikron ya bazu a ƙarshen 2021, ga kuma yawancin yara sun riga sun kamu ko an yi musu rigakafi, ciwon ya ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Ƙwayar cutar dai tana nan, ciwon Kawasaki da kumburin tsokar zuciya su ma suna nan yadda suke tun kafin annoba, kuma alamominsu sun yi kama. Duk yaron da zazzaɓinsa ya kai kwana uku, ga ciwon ciki mai tsanani ko ƙuraje ko jan ido da jan leɓe, a kai shi babban asibiti a ranar. In kuwa numfashinsa ya yi sauri, ko hannunsa ya yi sanyi, ko ya daina fitsari, ko yana kukan ƙirji, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi da sauƙi, kada a jira kwana ukun su cika. A tafi da kwalaben duk maganin da ya sha, a kuma gaya wa likita in an yi mura ko tari a gidan cikin wata biyu da suka wuce.